Babi na Biyar: Tura Kuɗi da Karɓarsu da Ƙaramar Waya

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya kawo wannan babi ya san baƙaƙe da wasula, ya iya rubuta sunansa, ya kuma san lambobi daga 0 zuwa 9. Iyakar guzurin da ake buƙata ke nan. Ba sai da babbar waya ta shafawa ba, ba kuma sai da data ba. Ƙaramar wayar nan mai maɓallai, wadda kuke haska hanya da tocilanta, ta isa.

Kada wani ya ce abin na 'yan boko ne. A ƙasar Kenya, tun 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, mutanen karkara suke tura kuɗi da irin wannan ƙaramar waya. A nan gida, a 2012 ta saƙon waya gwamnatin tarayya ta riƙa sanar da manoma takin rangwame, wanda bai iya karatu ba sai ya bi gari yana neman mai duba masa. Da aka ƙaddamar da bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers a nan Kebbi a Nuwamban 2015, sai da asusun banki da lambar BVN, wato lambar shaidar mai asusun banki. Farkon 2023 kuwa ba sai na tuna muku ba, lokacin canjin kuɗi, da mutum yake da kuɗinsa a banki amma mudun gero ya gagare shi. To bismillah, kowa ya ciro wayarsa ya ɗora a kan littafi.

Darasi na Ɗaya: Maɓallai uku

Ku dubi layin ƙarshe na maɓallan wayarku, can ƙasa. A tsakiya akwai 0. A hagunsa, ƙarƙashin 7, akwai alama mai kama da tauraro, ga ta: *. Ana ce mata sta. A damansa, ƙarƙashin 9, akwai wata mai layi biyu a tsaye da biyu a kwance, ga ta: #. Ana ce mata hash. Ku ɗora yatsa a kan kowace, ku faɗi sunanta. Hagu sta, dama hash. Ku sake. Hagu sta, dama hash.

Maɓalli na uku shi ne na kira, wanda kuke dannawa idan za ku kira gida. Yana sama ta hagu, a yawancin wayoyi kore ne.

Yanzu mu gwada da abin da ba ya cin ko kwabo. Ku danna * sannan 3, sannan 1, sannan 0, sannan #. A fuskar waya za ku ga *310#. Kada ku tsaya kuna jira, waya ba za ta yi komai ba sai kun danna maɓallin kira. Ku danna shi. Saƙo zai fito da ragowar kuɗin katinku. Wannan lamba ɗaya ce a kowane layi, ko MTN ko Airtel ko Glo. Idan babu abin da ya fito, ku duba ko kun manta hash a ƙarshe, ko kuma babu sabis a inda kuke zaune. Ku matsa bakin ƙofa ku sake. Madalla. Wanda ya iya wannan ya iya rabin aikin.

Darasi na Biyu: Tura kuɗi

Kafin ku taɓa waya, ku sa mai karɓar kuɗin ya ba ku abu uku: lambar asusunsa, sunan bankinsa, da sunan da ya buɗe asusun da shi. Ku rubuta su a takarda da hannunku, manya-manya. Lambar asusu guda 10 ce. Lambar waya guda 11 ce, haka BVN, haka NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Ku ƙirga da yatsa. Sifili ma lamba ce, ko da a farko ta zo a ƙirga da ita, a kuma danna ta. Ga ta gwaji, ba ta kowa ba ce: 0123456789. Ku ƙirga. Goma ce? To.

Kowane banki da lambarsa. First Bank *894#, UBA *919#, Access *901#, Zenith *966#, GTBank *737#. Wanda nasa ba ya nan ya tambaya a bankinsa. Lambar bankinku za ku danna, ba ta bankin mai karɓa ba, kuma da layin da kuka bai wa banki ranar buɗe asusu. Mai layi biyu a waya ya kula da wanda ya zaɓa. Ana cire kusan naira 7 kuɗin wannan hidima, ban da ladan tura kuɗin.

Da kun danna, jerin rubutu zai fito da Turanci, kowane layi da lamba a gabansa. Ba sai kun ji Turanci ba. Ku nemi kalmar nan, ku haddace kamanninta: Transfer. Ta fara da T. Ku danna lambar da ke gabanta, ku aika. Daga nan wayar za ta tambaye ku lambar asusun, da bankin mai karɓa, da yawan kuɗin, ɗaya bayan ɗaya. Wani bankin yana fara tambayar kuɗi, wani lambar asusu, duk ɗaya ne. Wajen kuɗi ku ƙirga sifili: 5000 dubu biyar ce, sifili uku, 50000 dubu hamsin ce, sifili huɗu. Ba a sa waƙafi, ba a rubuta naira.

To ga inda nake so kowa ya natsu. Kafin wayar ta nemi lambar sirrinku, za ta nuna muku sunan mai asusun. Ku tsaya. Ku ɗauke yatsa daga kan maɓalli. Ku karanta sunan.

Ku karanta shi baƙi bayan baƙi, a bayyane, yadda muke yi a allo. Ku dubi takardarku, ku dubi waya. Idan sun yi daidai, sai ku sa lambar sirri. Idan ba su yi ba, ku danna jan maɓalli ku fita, kuɗinku na nan ba abin da ya taɓa su. A kasuwa ba ku miƙa wa mutum kuɗin buhu ba tare da kun dubi fuskarsa ba, to sunan nan shi ne fuskar.

Na san abin da ke kawo gaggawar. Idan an daɗe ba a danna komai ba, saƙon yana ɗaukewa, sai a koma farko. Shi ya sa hannu ke rawa, mutum ya tsallake sunan. Ku bar shi ya ɗauke. In ya ɗauke ba a tura komai ba, sai ku sake, a karo na biyu kun riga kun san rabin sunan. Sannu ba ta hana zuwa. Karanta sunan tukuna, lambar sirri daga baya.

Abu biyu ke rikita masu koyo a nan. Na farko, banki yakan rubuta suna da manyan baƙaƙe, mu kuma mun fi sabawa da ƙanana. Ku koma babi na biyu ku sake duba manyan: A da a, B da b, D da d, G da g, R da r. Na biyu, sau da yawa sunan mahaifi ke zuwa farko, na mutum ya biyo baya. Wannan ba matsala ba ce muddin sunayen duka suna nan. Matsala ita ce baƙi ɗaya ya bambanta. Ku karanta waɗannan a bayyane:

AMINU da AMINA
BALA da BELLO
SANI da SANUSI
HASSAN da HASSANA

Kun ga Aminu da Amina? Baƙi ɗaya ne a ƙarshe, amma mutum biyu ne. Saboda haka ba a karanta farkon suna a cinki sauran. Har ƙarshe ake kaiwa. Ku sake karanta jerin daga ƙasa zuwa sama. Yawwa, Allah ya yi albarka. Inna, ke ma ɗaga murya, ba wanda zai yi dariya, dukkanmu koyo muke.

Ku rubuta wannan a littafinku sau biyar: Sai na karanta suna zan sa lambar sirri.

Me ya sa na nace? Domin idan kuɗi suka faɗa asusun wani, banki ba ya cirowa ya maido muku don kawai kun ce kuskure ne. Sau da yawa sai an nemi yardar wanda suka shiga wurinsa, in ya ƙi sai da takardar kotu. Mutumin ƙauye ya yi kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri, ya bi layi, a ce ya dawo wani mako. Duk wannan wahala karatun suna ɗaya ke kawar da ita.

Yanzu ku gafarce ni, zan yi magana ba daɗi. Akwai waɗanda nake gani a aji suna karanta suna tsaf, amma da an fita kasuwa sai su miƙa wa mai POS waya ko kati, su faɗa masa lambar sirri da ƙarfi, jama'a na ji. Akwai mai rubuta ta a takarda ya cusa a bayan murfin wayar, wato in wayar ta faɗi an haɗa wa ɓarawo komai wuri ɗaya. Akwai mai sa 1234. Haba Baba! Da girmanka da furfurarka, kuɗin shinkafar da ka kwana a fadama kana ba ta ruwa, ka kulle su da 1234? In haka za a yi, me ya kawo mu zama a kan benci da yamma? Lambar sirri huɗu ce a yawancin bankuna, wasu biyar. Wanda ya riƙe lissafin bashin mutum goma a ka ba zai ce lamba huɗu ta fi ƙarfinsa ba. A haddace ta. Kada a sa shekarar haihuwa, kada a sa ƙarshen lambar waya. Ba a faɗa wa ɗa, ba a faɗa wa dillali. Wanda ya kira ya ce daga banki yake, a ba shi lambar sirri ko BVN ko lambar da aka turo ta saƙo don a gyara asusu, ɗan damfara ne, a kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri.

In dole sai mai POS ne zai tura muku, ku ce ya juyo da na'urar ku karanta sunan da idonku, ku danna lambar da hannunku, ɗayan hannun yana karewa. A nan ma sai an karanta sunan.

Idan kun yi kuskuren lambar sirri sau biyu, ku dakata ku tuna, domin yawanci a na uku ake rufewa.

Aikin gida: kowa ya tura naira 100 ga wani na gidansa. Kafin ya sa lambar sirri ya kwafe sunan da ya fito a littafinsa, ya kawo mu gani.

Darasi na Uku: Karɓar kuɗi

Kun sayar da buhun shanshera ko albasa, mai saye ya ce ya tura, ya nuna muku fuskar wayarsa. Wayarsa ba shaida ba ce. Ko alat, wato saƙon shigar kuɗi, ya shigo taku wayar, akwai na bogi. Ku danna lambar bankinku, ku nemi kalmar Balance, ta fara da B, ku ga ko kuɗin sun ƙaru. Don haka ku san abin da ke ciki tun kafin ciniki. In ba su ƙaru ba kaya ba sa hawa mota, ko da ya ce sabis ne. Wani lokacin da gaske sabis ɗin ne, to a jira tare.

Ku ma ku rubuta lambar asusunku guda 10 da sunan bankinku a takarda mai kauri, ku riƙa nunawa maimakon faɗa da baki. Ku ce wa mai turawa ya karanta muku sunan da ya fito. In ba naku ba ne, kada ya tura.

Idan waya ta ɓace, a ranar a sanar da banki su rufe, a kuma je ofishin kamfanin layi. Kada a bari sai ranar kasuwa.

Darasi na Huɗu: Farashi da yanayi

Kafin ku sallama wa dillalin da ya biyo ku har gona, ku kira mutum biyu ko uku, ɗaya a Jega, ɗaya a Kamba, mai albasa ya kira Aliero. Ku rubuta abin da kowa ya faɗa: sunan gari, sai kuɗin buhu a gabansa. Ku cire kuɗin mota da na lodi, sannan ku yanke shawara.

Hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Ku tambayi malamin gona, ko ku saurara a rediyon da ke cikin wayar. Masu gona a bakin gulbi, waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa, su fi kowa sa kunne.

Aiki: ku rubuta farashin abu ɗaya a kasuwa biyu.

Darasi na Biyar: Lambobin da za a ajiye

112, neman agajin gaggawa, kyauta ne.
622, kai ƙarar kamfanin layi wurin hukumar sadarwa, NCC.
*346#, duba lambar NIN, ana cire kuɗi kaɗan.
*565*0#, duba lambar BVN, shi ma ana cirewa.

Ku kwafe su a bangon littafi. Yadda ake adana lamba a cikin waya, wanda ya iya ya nuna wa na kusa da shi. Waɗanda ba su kawo aikin gida na darasi na biyu ba su kawo shi mako mai zuwa, da sunan a rubuce.