Babi na Shida: Idan Fuskar Laftof Tana Rawa Lokacin Jona Caja ko Cire Ta

Mutane da yawa sukan tsorata idan fuskar laftof ta ɗauke da zarar an jona caja ko an zare ta, alhali sau da yawa ba lalacewa ba ce. Kwamfuta tana da tsarin aiki biyu, ɗaya na lokacin da take shan wuta daga soket, ɗaya na lokacin da ta koma kan batir. Akwai laftof ɗin da fuskarsu take sabunta hoto sau 120 ko 144 a daƙiƙa guda, amma idan an cire caja sai su sauko zuwa sau 60 domin cajin batir ya jima. A daidai wannan sauyi fuskar takan yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta dawo, kuma wannan bai kai a biya mai gyara ba.

Abin lura shi ne idan rawar ta ci gaba, ko layi-layi suka bayyana, ko fuskar ta yi baƙi ta ƙi dawowa. A kwamfuta mai Windows, sai a fara danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare, wanda yake sake tayar da direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa abin da ake gani. Idan hoto ya dawo, galibi matsalar ta manhaja ce, don haka a sauko da sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Kamfanonin Intel da AMD, masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, suna da dabarun tsimin batir, irin su Panel Self Refresh da Vari-Bright, waɗanda kashe su a saitin hoto yakan kwantar da rawar, ko da yake batir zai ɗan fi saurin ƙarewa.

Idan kuwa fuskar lafiya lau take a kan batir, sai an jona caja take birkicewa, to a tuhumi cajar. A juya bayanta a karanta ƙananan rubutun da ke jiki, inda a sashen da aka rubuta Output, wato wutar da cajar take fitarwa, za a ga lamba mai harafin V da wata mai harafin A. Idan aka ninka 19.5V da 3.33A, alal misali, za a samu kusan wat 65, wato ƙarfin wutar cajar, kuma wajibi ne lambar V ta yi daidai da wadda aka rubuta a ƙarƙashin laftof, yayin da wat ɗin bai kamata ya gaza abin da na'urar take buƙata ba. Jabun caja takan ba da wuta marar tsabta, shi ya sa ake ganin hoto yana kaɗawa, kibiyar linzami tana tsalle ita kaɗai, cajar kuma tana zafi fiye da kima har da 'yar ƙara mai tsini. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ari caja ta asali mai lambobi iri ɗaya, a kuma sauya soket. Filogi mai ƙafa uku kada a karya masa ƙafa ta uku don ya shiga soket, domin ita ce take kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa.

Saura wayar da ke ɗauke da hoto, wadda take bi ta gaɓar murfi. A buɗe murfin a hankali, a rufe rabi, ana kallo. Idan rawar tana canzawa da motsin murfi, ko kuma talabijin da aka haɗa ta HDMI, wato kafar jona laftof da talabijin, yana nuna hoto tsaf alhali fuskar laftof tana rawa, to wayar ce ta saki ko fuskar ce ta samu matsala, kuma wannan aikin mai gyara ne. Idan an ga batir ya kumbura har yana ɗaga wurin linzami, a cire caja nan take, a kashe na'urar, kada a sake jona ta sai an sauya batir.