Yadda ake yi wa babban jirgin ƙasa na wasa fenti don wayar da kai kan larurar galahanga

Kusan duk wanda na ga ya fara wannan aikin, wuri ɗaya yake tuntuɓe. Zai kwana uku yana jera launukan bakan gizo a jikin tarago, ranar da ya zo ɓare tef sai fentin ya biyo tef ɗin kamar ɓawon ƙwai, robar ƙasa ta bayyana. Ni ma haka ta faru da ni a taragona na farko, ana saura kwana huɗu taron da na yi wa alkawari, kuma ɗan ƙanwata mai larurar galahanga ya riga ya san ranar da zai ga jirginsa yana tafiya. Shi ya sa mafi yawan bayanina zai tsaya a kan shirya jiki da rufe zane.

Jiragen da nake magana a kansu su ne na sikelin G, waɗanda ake shimfiɗa wa layi a lambu. Kamfanin Lehmann na Jamus ne ya fito da su a 1968 da sunan LGB, a kan ma'aunin 1:22.5, wato jirgin gaske ya ninka su tsawo sau 22.5, faɗin layinsu milimita 45. Daga baya wasu kamfanoni irin su Bachmann da PIKO da USA Trains suka shigo, wasu da ma'auninsu daban kamar 1:29 ko 1:20.3, amma duk layi ɗaya suke hawa. Girmansu ne ya sa suka dace da wayar da kai: ƙaramin tarago ma yakan kai santimita 30, wanda ke tsaye nesa zai iya karanta rubutun jikinsa. Kuma yara da yawa masu wannan larura suna son jirgin ƙasa, saboda tayoyi suna juyawa iri ɗaya, jirgin kuma yana bin hanyar da aka san farkonta da ƙarshenta.

Kafin ka taɓa gwangwanin fenti, ka yanke shawara a kan alamar da za ka zana. Alamar yankin wasan haɗa hoto ta samo asali ne daga ƙungiyar National Autistic Society ta Birtaniya a 1963, shuɗin launi kuma ƙungiyar Autism Speaks ta Amurka ce ta yaɗa shi. Sai dai manya da yawa masu larurar ba sa son yankin haɗa hoton, suna cewa yana nuna su kamar mutanen da wani abu ya ɓace musu. Sun fi son alamar rashin iyaka, wato lamba 8 a kwance, da launukan bakan gizo ko da ruwan zinare. Ni alamar 8 a kwance nake yi, ita kuma nake ba kowa shawara. Idan don wani yaro kake yin jirgin, ka tambaye shi launin da yake so, ko ka tambayi iyayensa. Ɗan ƙanwata kore ya zaɓa, har yau kan jirginsa, wato injin da ke jan taragun, kore ne.

Ka duba kalanda kuma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar wayar da kai kan larurar, an fara kiyaye ta a 2008. Akwai kuma 18 ga Yuni, ranar da masu larurar da kansu suka ware tun 2005 don alfahari da yadda suke. Ko wacce ka nufa, ka fara aiki da saura wata guda aƙalla. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mafi yawan kwanakin nan na jiran fenti ya bushe ne.

Kada ka fara da kan jirgi. Ka nemi tsohon taragon kaya mai shimfiɗaɗɗen gefe, na hannu, ko da ya koɗe, tunda fentin nasa za ka cire. Sabon kan jirgi yana da tsada ƙwarai, ba abin koyon hannu ba ne. Ka kwance jikin daga ƙasansa, ka cire gilasan taga da ƙarafan riƙo, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka, ka zuba sukurori a kwalba mai murfi. Tayoyi da sassan da ke ɗaukar wuta daga layi kada fenti ya kusance su ko kaɗan.

Wajen cire tsohon fenti, sifirit mai suna isopropyl na kashi 91 cikin ɗari nake amfani da shi. Ka nitsa jikin a roba mai murfi, ka riƙa dubawa bayan kowane awa biyu, kana gogawa da tsohon buroshin haƙora. Za ka ji masu cewa a yi da man burki don ya fi sauri. Na ga taragon da aka yi wa haka, robarsa ta yi gautsi, kusurwarsa ta ɓalle a hannu. Tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, da sinadarin asiton kuwa narkar da robar suke yi. Wasu taragun launinsu a cikin robar yake, rubutu kawai aka buga a kai, waɗannan rubutun kaɗai za ka goge.

Yanzu ga wurin da na yi tuntuɓe. Bayan cire fenti sai na ga jikin ya yi fes, na ɗauka ya shirya, na fesa farin fenti kai tsaye. Ashe maiƙon hannuna da ragowar sifirit suna nan, robar kuma sumul take, fentin bai samu abin kamawa ba. Abin da ya kamata shi ne ka bi jikin a hankali da sanfefa mai laushi, lamba 600 ko 800, da ɗan ruwa, har sheƙin ya dusashe. Ka kula da ƙananan kusoshin da aka zana a jikin robar, kada ka shafe su. Sannan ka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka ɗauraye sosai, ka bar shi ya kwana. Daga wannan lokaci kada ka sake taɓa shi sai da safar hannu. Ruwa yakan maƙale a lungunan ƙofa, iskar fesawa ta turo shi kan ɗanyen fenti, don haka ka hura lungunan kafin ka fara.

Sai fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima. Fari za ka saya, wanda aka rubuta ya dace da roba, domin rawaya da ja ba sa fitowa da kyau a kan toka. Na kamfanin Tamiya nake so saboda laushinsa ba ya binne ƙananan zane. Ka tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi na minti biyar, ka girgiza sosai, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, shafi biyu ko uku marasa kauri, a wuri mai iska kuma da takunkumi a fuskarka. Ka ba shi awa 48. Kafin ka ci gaba, ka manna ɗan tef a cikin taragon inda ba a gani, ka danna, ka fizge. Idan ya taho da fari, ka tsaya nan, ka koma kan sanfefa. Gara ka rasa kwana biyu yanzu da ka rasa bakan gizon gaba ɗaya.

Kuskure na biyu da masu farawa ke yi shi ne su fesa launin jiki tukuna, sannan su yanka siffar 8 a tef su riƙa cusa launuka shida a ciki ɗaya bayan ɗaya. Kowane launi da nasa rufin, kowane rufi kuma ƙofa ce da fenti zai zurara. Ka juya tsarin. A kan farin shimfiɗar, daidai inda alamar za ta zauna, ka fesa bakan gizon a buɗe ba tare da tef ba, layi-layi daga hagu zuwa dama. Da ƙaramar bindigar fesawa ake yin wannan, fentin akirilik mai ruwa-ruwa kamar madara, ƙarfin iskar bindigar wajen psi 15 zuwa 20 a ma'auninta. Ka fara da rawaya, sai ruwan lemo da ja a gefe ɗaya, kore da shuɗi da shunayya a ɗaya gefen, kana barin bakin kowanne ya ɗan hau na kusa da shi. A wannan mataki abin zai yi kama da ɓarna, kada ka damu. Ka bar shi kwana biyu, ka shafa masa siririn banish mai sheƙi, ka ƙara kwana ɗaya.

Daga nan ka yanka siffar 8 a faffaɗan tef na masu fenti, ka manna ta a kan launukan. Ka fara manna tef ɗin a kan gilashi ka yanka a can da sabuwar reza, kada ka yanka a jikin tarago. Salatif na ofis ba ya wannan aikin, gam ɗinsa ya yi ƙarfi. Ka bi bakin siffar da tsinken sakace kana dannawa, musamman inda ta ƙetare tsagin katako ko kan kusa. Sannan ka yi abin da mutane ke tsallakewa: ka fesa banish kaɗan a bakin tef ɗin, ka jira awa ɗaya. Duk wata kafa da ta rage, banish marar launi ne zai cike ta. Bayan haka ka fesa launin jikin a ko'ina, har kan tef, kana riƙe bindigar a miƙe don kada iska ta tura fenti ƙarƙashi. Da fentin ya daina kama yatsa, wajen minti 30 zuwa awa ɗaya, ka ɗaga gefen tef da bakin reza ka ja shi baya a kwance, a hankali. Alamar za ta fito da baki mai kaifi, launukan suna narkewa cikin juna. Ranar da na fara ganin haka, na daɗe tsaye da tef ɗin a yatsana.

Kada ka gauraya nau'in fenti. Fenti mai tina mai ƙarfi idan ya hau kan akirilik ko fentin mai, yamutsa shi yake yi. In kana shakka, ka gwada a bayan cokalin roba.

Rubutu da sitikar ruwa ake yi, wadda ake jiƙawa kafin a manna, a kan jiki mai sheƙi, in ba haka ba iska za ta maƙale ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Ruwan Micro Set da Micro Sol suna sa ta kwanta a cikin tsagi. Firintar gida ba ta buga fari, saboda haka a kan jiki mai duhu sai ka nemi takardar sitika mai farin baya. Kalmomi uku ko huɗu sun isa, jirgin tafiya yake yi. Kada ka sa sunan yaro ko hotonsa sai da yardarsa da ta iyayensa.

A ƙarshe banish mai kare hasken rana, shafi uku, tunda a waje jirgin zai yi aiki kuma hannuwa za su taɓa shi. Marar sheƙi nake sawa, domin walƙiya tana damun idon wasu yaran. Kada ka fesa shi ranar da iska ke da laima, zai yi hazo. Ka ba shi mako guda, ka shinshina, in da sauran wari bai gama ba. Ka mayar da gilasai da gam ɗin da ba ya dusar da su, ka ɗaure jikin, ka goge tayoyi. Ranar taro ka kashe ƙarar injin da usur da hayaƙi, ka rage gudu, ka ajiye tarago ɗaya a kan tebur wanda aka yarda kowane yaro ya ɗauka ya juya tayoyinsa.