Yadda Ake Koya wa Yara Ƙanana Kalmomin Turanci da Wasannin Halowin

Ranar 31 ga Oktoba ake bikin Halowin a Amurka da Kanada da Ingila da Ayalan. Tushensa yana Ayalan da Sikotlan, inda a can baya mutane suke bikin ƙarshen girbi da shigowar hunturu, daga baya ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta Kiristoci, wadda ake yi ranar 1 ga Nuwamba. 'Yan Ayalan da suka yi ƙaura a ƙarni na 19, musamman lokacin babbar yunwar shekarun 1840, su suka ƙarfafa al'adar a Amurka. A yau abin da yaro yake gani shi ne kabewa da aka fafe aka yi mata fuska, da shigar ban tsoro, da yara suna bi gida-gida ana ba su alewa.

Malaman da ke koya wa yara Turanci suna son wannan mako ne saboda ɗan tsoron da babu cutarwa a cikinsa yana kama hankalin yaro. Wannan bayani na malamin da ke makarantar da take bin manhajar Ingila ko Amurka ne, da kuma iyayen da 'ya'yansu suke karatu a waɗancan ƙasashe. Yaran da ake nufi 'yan shekara 4 zuwa 8 ne.

Abu na farko da ya kamata malami ya riƙe shi ne, ba kalmomin ban tsoron ne abin koyo ba. Yaro zai yi wata guda bai buƙaci *skeleton* ba, amma kullum yana buƙatar *hand* da *red* da *three* da *under*. Kwarangwal da dodo da gizo-gizo su ne ke jawo yaro, abin da ake so ya tafi gida da shi kuwa sassan jiki ne da launuka da ƙirga da kalmomin wuri. Waɗannan rukunoni kuma suna cikin jerin kalmomin jarrabawar Turanci ta Cambridge ta yara 'yan matakin farko, wato Pre A1 Starters.

A fara da iyaye

Akwai iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, da ba sa son 'ya'yansu su shiga wannan biki, kuma suna da hujjarsu. A aika musu da takarda mako guda kafin a fara, a rubuta kalmomin da za a koyar da wasannin da za a yi. Idan sunan bikin ne matsalar, a kira shi makon dabbobin dare, darasin ba zai rasa komai ba.

Kalmar *witch*, wato mayya, a cire ta gaba ɗaya idan akwai yaran Hausawa a ajin. A Amurka mace ce mai doguwar hula a kan tsintsiya, abin dariya. A wurinmu zargin maita yana raba dangi, kuma yaron da ya koyi kalmar yau zai iya jefa wa ɗan ajinsu ko wata tsohuwa ita gobe. Haka ma jini da kabari da gawa ba su da wuri a ajin 'yan shekara 6. *Ghost* ma, wato fatalwa, a bar ta sai in iyaye sun amince. Abin da ya rage ya isa: *cat, bat, owl, spider, moon, pumpkin, skeleton, monster*. Kalmomi 8 ke nan, daidai da 'yan shekara 6 zuwa 8. 'Yan shekara 4 da 5 a ba su 5 kawai, a ajiye *owl* da *skeleton* da *pumpkin* sai darasi na gaba.

Ranar farko ta kunne ce

A yanka kwali mai girman rabin takardar A4, ɗaya ga kowace kalma. Hoto kaɗai a gaba, rubutu a baya. Fuskokin su zama masu murmushi, har da ta dodon. A ɗaga kati, a faɗi kalmar sau 3 a hankali, tare da ƙaramar kalmar da ke gabanta: *a bat, a cat, an owl*. Hausa ba ta da abin da ya yi daidai da *a* da *an*, saboda haka yaron da ya koyi sunan tsura zai daɗe yana mantawa da su a jimla.

Sai a liƙa katunan a bango daban-daban, a ɗora wa kowace kalma motsinta. *Bat*, a kaɗa hannuwa. *Spider*, yatsu su yi tafiya a kan benci. *Owl*, a zagaye idanu da yatsu. *Skeleton*, a yi tafiya a sandare. Malami ya riƙa ba da umarni: "Point to the moon", "Walk to the cat", "Be a spider". Wannan hanya ta amsa magana da motsin jiki James Asher ne ya tsara ta a Amurka a shekarun 1960, kuma ginshiƙinta shi ne yaro ya fahimta kafin a nemi ya furta. Kada a tilasta wa kowa magana a minti 10 na farko. Wanda ya shirya zai fara maimaitawa da kansa.

Inda ake yaudarar kai shi ne nan. Aji gaba ɗaya ya nuna katin *moon*, malami ya ɗauka kowa ya gane, alhali yara 3 ne suka gane, sauran suna bin hannunsu. Maganinsa a kira yara huɗu-huɗu, ko a ce kowa ya rufe ido kafin ya yi motsin. Kuma malami ya daina yin motsin da kansa bayan zagaye na uku, in ba haka ba idonsu ne yake aiki, ba kunnensu ba.

A rufe da wasan me-ya-ɓace. Kati 6 a kan allo, yara su rufe ido, a cire ɗaya, a tambaya: "What's missing?" Idan katunan sun wuce 6, wasan ya koma gwajin hadda, yaran da suka san kalmar ma sai su kasa.

Furucin da ke ba yaranmu wuya

Waɗannan kalmomi suna tattare da sautukan da harshen Bahaushe bai saba da su ba, kuma gara a gyara tun ranar farko. *Pumpkin* yakan koma "famkin", domin Hausa ba ta bambanta *p* da *f*. A ba kowane yaro ɗan yankin takardar tishu ya riƙe a gaban bakinsa. Ya rufe leɓɓa ruf, ya sake su da ƙarfi har takardar ta yi tsalle: wannan ita ce *p*. A *f* kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali. Minti 2 ya isa, amma a maimaita kowace rana.

*Spider* yakan zama "sifaida", *skeleton* ya zama "sikeletin", saboda yaro yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. A sa shi ya ja sautin *s* kamar kukan maciji, sannan ya faɗa kan sauran kalmar ba tare da ya tsaya ba: *sss-pider*. A riƙa gajarta jan har ya ɓace. Kada a gyara wa yaro ɗaya a gaban aji fiye da sau ɗaya, domin kunya tana rufe baki fiye da rashin sani.

Kwarangwal da dodo

A rana ta biyu a yanka kwarangwal na kwali gida 10: kai, gangar jiki, damatsa 2, tafukan hannu 2, ƙafafu 2, tafukan ƙafa 2. Kowane rukuni na yara 4 ya sami saiti ɗaya da salatif. Malami yana kiran sashe, "an arm", "two feet", rukunin yana ɗagawa sannan ya liƙa. Dalilin raba tafin hannu da damtse shi ne, yaro yana cewa hannu ga duka biyun, ƙafa ma haka, Turanci kuwa yana da *arm* da *hand*, *leg* da *foot*. Idan sassan suna haɗe a kwali, zai ci gaba da kiran komai *hand*. *Foot* da *feet*, *tooth* da *teeth*, a koyar da su a matsayin kalmomi daban-daban, a bar bayanin nahawu.

Wasan da ya fi kowanne amfani shi ne zanen dodo. Kowane yaro da farar takarda da fensir. Malami ya ce: "It has three eyes. It has five legs. It has green hair." Jimlolin suna ɗauke da lamba da launi da sashen jiki da *s* ta jam'i, kuma takardar yaro tana nuna ko ya gane ba sai an tambaye shi ba. A faɗi kowace jimla sau 2, a ba da daƙiƙa 30 a zana, kada a wuce jimla 6. A zagaye na biyu a kawo ƙwayar ludo mai lamba 1 zuwa 6, yaro ya jefa, shi ya faɗi jimlar da lambar da ta fito. Daga nan maganar ta koma bakinsu.

Abin da yake ɓata wannan wasa shi ne shafa kala. Yara za su yi minti 15 shiru suna shafe-shafe, ajin ya yi kyau a ido, amma babu Turancin da ya shiga kunnen kowa. A ajiye fensiran kala a teburin malami, mai so ya zo ya ce "Red, please", ya dawo da shi kafin ya karɓi wani. Sauran shafawar a ƙarasa a gida.

Gizo-gizo da jakar laluba

A yi gizo-gizo da baƙar takarda da ƙafafu 8 na zare, yara su ƙirga su da ƙarfi. Da shi da kwali ɗaya da kujera ɗaya ake koyar da *in* da *on* da *under*. Waɗannan 3 kaɗai a rana ɗaya. *Behind* da *next to* sai mako mai zuwa, domin idan aka zuba su duka tare sukan cakuɗe. Yaro ɗaya ya fita, a ɓoye gizon, ya dawo yana tambaya: "Is it under the chair?" Aji ya amsa *yes* ko *no*.

Jakar laluba kuwa ta koyon siffofi ce. A sa abu 5 a jakar da ba a ganin cikinta: auduga, cokali, lemo, soso, gizo-gizon roba. Yaro ya zura hannu ya ce *soft* ko *hard*, *big* ko *small*. A nuna wa aji duk kayan kafin a zuba su, kada a sa abu mai danshi ko mai kaifi, ko ƙaramin da yaro zai iya haɗiyewa. Wanda ya ƙi zura hannu a ba shi aikin riƙe jakar. Yaron da ya tsorata da gaske ba ya koyon komai a wannan rana.

Kabewa da ƙwanƙwasa ƙofa

Idan za a fafe kabewa, malami ya yi a gida ana gobe za a yi darasin, domin a wuri mai zafi takan fara ruɓa cikin 'yan kwanaki. Wuƙa ba ta shiga aji, kyandir ma haka, ƙaramar tocila ta isa a haska cikinta. A wanke 'ya'yanta a shanya, suna da kyau wajen ƙirga 1 zuwa 20. Yara su yi tasu kabewar da takarda mai ruwan lemo, su liƙa idanu da baki: *circle, triangle, square*, sannan *happy, sad, scared*.

Wasan ƙarshe shi ne na bi gida-gida. Yaron da ya san tashen watan azumi ba ya buƙatar dogon bayani: shiga ce ake yi, a je ƙofa, a yi ɗan wasa, a sami kyauta. A mai da allo ko tebur ƙofa. Yaro ya ƙwanƙwasa, malami ya ce "Who is it?", ya amsa "I'm a cat", a nuna masa kati ya faɗi sunansa, a ba shi kyauta. Mai jin kunya a sauƙaƙa masa da zaɓi: "Is it a bat or an owl?" Kowa ya sami kyauta iri ɗaya, wanda ya amsa daidai da wanda ya kuskure. Sitika ko dabino sun fi alewa, kuma a tambayi iyaye tukuna kafin a ba da duk abin da ke da gyaɗa, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta.

A darasin minti 40, a ba bita minti 5, sababbin kalmomi 10, wasan motsi 10, aikin zama 10, rufewa 5. Wasan motsi ya zo kafin aikin zama, in ba haka ba yara su fita a hargitse su shiga darasi na gaba.

Bayan 31 ga Oktoba kada a naɗe katunan a ajiye sai baɗi. A dawo da kalmomin washegari, da bayan kwana 3, da bayan mako guda, amma a cire musu rigar bikin: "Put your bag under the desk", "Show me two hands". Don gwaji, a kira yaro shi kaɗai, a baza katunan 8, a duba abu 3: yana nuna hoton idan ya ji sunan, yana faɗin sunan da kansa, yana sa shi a gajeriyar jimla. Kalmar da fiye da rabin aji suka kasa, a sake koyar da ita da wani wasa daban. Rubutu ya zo a ƙarshe, kuma a fara da *cat* da *bat*, waɗanda ake rubutawa yadda ake furta su. *Owl* da *skeleton* su jira sai yaro ya iya faɗinsu ba tare da ya yi tunani ba.