Yadda mai gabatar da ƙara zai rubuta wa gidan kaso bayanin laifi

Ranar da alƙali ya yanke hukunci a babbar kotun Tawa, da sauran aiki a gaban mai gabatar da ƙara. Shugaban gidan kaso bai zauna zaman shari'ar ba, haka ma ma'aikatar shari'a a Yamai, inda buƙatar sakin talala, wato sakin fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, take zuwa. Iyakar abin da suka sani a kan fursuna shi ne abin da aka rubuta musu.

Fara da tantance mutumin: sunansa, sunan mahaifi da na mahaifiya, ranar haihuwa da garin da aka haife shi. A ƙasar Adar mutum goma na iya amsa suna ɗaya, sunan iyaye ne ke raba su.

Daga nan sai kwanan wata, kuma a nan nake roƙon a natsu. Rubuta ranar da aka sa hannu a takardar tsare shi a gidan kaso, domin kwanakin da ya yi yana jiran shari'a ana cire su daga wa'adinsa. Wanda aka yanke wa shekara 3 bayan ya yi wata 14 a tsare, saura masa wata 22. Idan aka ƙirga daga ranar hukunci, an ɗora wa bawan Allah fiye da shekara guda da alƙali bai ɗora masa ba, iyalinsa na can na jira. Gwada ranar da ke hannunka da wadda ke cikin rajistar gidan kaso kafin ka wuce.

Sannan ka ba da labarin laifin yadda kotu ta tabbatar da shi. Rahoton jandarmomi ko na ƴan sanda farkon bincike ne. Tuhumar da ta faɗi a gaban alƙali kada ta sake shigowa ta bayan gida. Faɗi abin da aka aikata, a ina, da wane makami in akwai, da ayar dokar da aka hukunta shi da ita. Karon farko ne, ko ya saba?

Kada ka manta da wanda aka zalunta. Raunin da ya ji, shekarunsa in yaro ne, diyyar da kotu ta yanke da abin da aka biya daga ciki. In unguwarsu ɗaya da fursunan, rubuta. Mai duba buƙatar saki dole ya san ƙofar wa za a mayar da mutumin.

Nuna ko an ɗaukaka ƙara. Sa hannu, buga hatimi, haɗa da kwafin hukunci daga magatakardan kotu, ka aika gidan kaso. Wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin aike, kwafi ɗaya kuma ya zauna a dosiyen ofishinka.