Gundumar Akhalkalaki: inda masu karanta tsohuwar ƙidaya suke tuntuɓe

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin Akhalkalaki, tsohuwar gundumar Daular Rasha a kudancin Jojiya ta Kaukasus, kusan a wuri ɗaya yake faɗuwa: ƙidayar 1897.

Ƙidayar ta samu mutum 72,709, kuma sama da kashi 70 cikin ɗari Armeniyanci ne harshensu. Nan kuskuren yake farawa. Malaman ƙidaya ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba. Harshen uwa da addini suka rubuta. Don haka a ce "masu magana da Armeniyanci", kada a mayar da harshe ƙabila kai tsaye. Haka kalmar "Tatar" da ke cikin jadawalin. Na sha ganin an ɗauke ta a matsayin Tatar na Kazan ko Kirimiya, alhali a Kaukasus gwamnatin Tsar, sarkin Rasha, tana nufin Musulmi masu harshen Turkanci, waɗanda daga baya aka san su da Azarbaijanawa. Abin yana ɓata mini rai, domin kalma ɗaya ta kwashe jama'a ta kai su inda ba su taɓa zama ba.

Sai masu ɗaukar hoton 1897 kamar haka garin yake tun fil'azal. Sojojin janar ɗin Rasha Paskevich sun ƙwace Akhalkalaki daga Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1828, yarjejeniyar Adrianople ta 1829 ta tabbatar wa Rasha da shi. Bayan haka Musulmi da dama suka ƙaura, dubban Armeniyawa kuma suka taso daga Erzurum ta ƙasar Turkiyya ƙarƙashin jagorancin Akbishop Karapet Bagratuni suka zauna. A shekarun 1840 aka koro 'yan Dukhobor, Rashawa masu ƙin bin cocin gwamnati, suka kafa ƙauyuka irin su Gorelovka. A 1895 suka ƙona makamansu don ƙin aikin soja, a 1899 da yawansu suka wuce Kanada. Ke nan ƙidayar ta zo ne ana tsakiyar wannan rikici. Gyaran shi ne kowane adadi a rubuta shi da shekararsa da abin da ya gabace shi.

Kwanan wata ma na ruɗa mutane: ranar ƙidayar, 28 ga Janairun tsohuwar kalandar Rasha, ita ce 9 ga Fabrairu a tamu.

Na ƙarshe, iyaka. A lokacin gundumar tana ƙarƙashin lardin Tiflis ne, wato Tbilisi ta yau, kuma ta fi ƙaramar hukumar Akhalkalaki ta yanzu faɗi, tunda ta haɗa da Ninotsminda, wadda a da ake kira Bogdanovka. Wanda ya jera adadin 1897 kusa da na ƙaramar hukumar yau ba tare da haɗa Ninotsminda ba, ƙasa biyu daban ya auna.