Yadda Ake Bincikar Dillalin Tafiya Ƙasar Waje Kafin a Ba Shi Kuɗi

Idan dillali ya zo da maganar aikatau a Saudiyya ko aikin gini a Libiya, a fara tambayarsa hanyar da za a bi da takardar da matafiyi zai riƙe. Wanda ya ce ba sai da fasfo ba, domin za a fita ta Maigatari zuwa Damagaram, daga nan Agadas, sannan a hau bayan Hilux zuwa Sabha da ke kudancin Libiya, fasaƙwaurin mutane yake yi, kuma Dokar Shige da Fice ta Najeriya ta 2015 ta haramta hakan. Soke dokar hana jigilar baƙin haure da Nijar ta yi a Nuwamban 2023 bai rage nisan rijiyoyin hamada ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace.

In tafiyar ta jirgi ce, a duba bizar da kyau, domin bizar Umara ba ta halatta aiki. A nemi ganin lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da rubutacciyar yarjejeniya mai nuna albashi da sunan uban gida, kuma a bar kwafin fasfo a hannun iyaye.

Mafi haɗari shi ne tayin "ka biya idan ka isa", wanda mutanenmu kan ɗauka alheri ne, musamman in dillalin ɗan unguwa ne da ake jin nauyin yi masa tambaya. Wannan bashi ne ke mayar da fasinja haja. A Sabha akwai wuraren da ake kira gidan bashi, inda ake tsare mutum, a kira iyayensa a waya yana kuka ana dukansa, har sai an sayar da fili ko keken ɗinki an tura kuɗin fansa. A nan lamarin ya zama fataucin mutane, wanda hukumar NAPTIP ke bincika.

Idan ɗan uwa ya riga ya maƙale, kada kunya ta sa a ɓoye. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 ta ce ba a tuhumar matafiyi don kawai an yi fasaƙwaurinsa. A tattara rasit, lambar asusun da aka tura wa kuɗi da saƙonnin murya na WhatsApp, a kai ofishin NAPTIP na Kano ko Hukumar Shige da Fice, shi kuma wanda ya maƙale ya nemi ofishin IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mayar da masu son komawa gida.