Darasi na Bakwai: Riƙe Usur a Wasan Ƙwallon Kwando na Yara

A filayen makarantun Katsina, idan yara suka taru bayan La'asar don wasan ƙwallon kwando, da wuya ka tarar da horarren alƙali. Mai riƙe da usur yakan zama malamin motsa jiki, ko wani yayansu da ya taɓa buga wasan, ko mahaifin wani yaro da aka ce masa, "Malam, don Allah taimaka mana." Wannan darasi naku ne. Yawancin rigimar da ke tashi a irin wannan wasa daga wurin tsayuwar alƙali take farowa, domin abin da ido bai gani ba, usur ba zai yi masa adalci ba.

Kafin a fara, a share fili. Ƙurar hunturu a kan siminti santsi gare ta kamar sabulu. Fili na ƙa'idar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tsawonsa mita 28, faɗinsa mita 15, kwandon kuma yana sama da ƙasa da mita 3.05, ga ƙananan 'yan firamare akan sauko da shi zuwa mita 2.60, a ba su ƙwallo mai lamba 5. Duba faratan yara, a cire agogo da zobe da sarƙa. Wasa zango huɗu ne, minti 10 kowanne. In babu agogon daƙiƙa 24, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo kwando, ku yi magana da kociyoyin biyu tun yanzu kan yadda za a yi, kada a bari sai an kusa tashi.

Inda kowa zai tsaya

Alƙalai biyu ake so, na gaba da na baya. Na gaba yana wajen fili, taku ɗaya ko biyu bayan layin ƙarshe, a ɓangaren da ake kai hari. Na baya yana bin wasan ta kusa da layin gefe, a ɗaya ɓangaren filin. Manufar ita ce yaran goma su kasance a tsakaninku kullum, kamar makiyaya biyu da suka sa garke a tsakiya.

Ga kuskuren da kusan kowane sabon alƙali yake yi: idonsa na kan ƙwallo. Idan ku biyun kuna kallon ƙwallo, yara biyu kawai ake gani, takwas na yin abin da suka ga dama. Ƙwallo ta tashi sama, kowa ya ɗaga kai, a ƙarƙashin kwando kuwa wani ya kai wa wani gwiwar hannu a haƙarƙari. Yaron ya durƙusa, 'yan kallo sun gani, alƙalai ba su gani ba. Shi ya sa na gaba ba ya ɗaga kai ya kalli kwando. Aikinsa jikin 'yan wasa ne: turi, riƙe riga, da mai kai harin da ya wuce daƙiƙa 3 a cikin akwatin da ke gaban kwando. Na baya shi ke bin ƙwallo a sama, shi ke duba ko ƙafar mai jifa na bayan layin maki uku, shi ke ƙirga daƙiƙa 8 da ake ba ƙungiya ta tsallake tsakiya.

Da zarar ƙwallo ta koma hannun ɗaya ƙungiyar, na baya ya zama na gaba. Ya ruga zuwa wancan layin yana waiwaye ta kafaɗa. Kada ya yi gudu da baya, faɗuwa a kan siminti ba wasa ba ce.

Karo: laifin wa?

Wannan ne hukunci mafi wuya, kuma maganinsa shi ne kallon mai tsaro tun kafin a yi karon. In ya riga isa wurin, ƙafafunsa biyu a ƙasa, yana fuskantar mai ƙwallo, aka bangaje shi a ƙirji, laifin mai ƙwallo ne. Mai tsaro yana da damar matsawa gefe ko baya don ya ci gaba da tare hanya. In shi ne ya kutsa gaba, ko ya miƙo gwiwa ko kwankwaso, laifin nasa ne. Wanda ya faɗi ba lalle shi aka zalunta ba. Nemi tsayuwar da za ka hango tazarar da ke tsakanin jikinsu. In bayan yaro ɗaya kawai kake gani, matsa taku biyu.

Busa da nuni

Busa ɗaya, mai ƙarfi, gajera. In keta ce, kamar turi ko riƙe abokin karawa, ɗaga hannu a dunƙule. In saɓa ƙa'ida ce kamar taku fiye da kima ko fitar ƙwallo, ɗaga tafi a buɗe, sannan ka nuna ɓangaren da ƙwallo za ta nufa. Bayan keta, saki usur daga baki, je inda masu rubuta maki za su gan ka, tsaya cak, nuna lambar yaron, irin laifin, da hukuncinsa. Mai nuni yana tafiya shi ke sa a rubuta wa yaro laifin wani, alhali laifi biyar ke fitar da ɗan wasa. Ƙungiya kuma in ta cika laifi huɗu a zango, daga na biyar duk ketar masu tsaro jifa biyu ce ga abokan karawa daga layin da ke saman akwatin gaban kwando, ba mai tarewa.

Koci zai ɗaga murya: "Alƙali, ba ka gani ba?" Kada ka amsa ana cikin wasa. In an tsaya, matsa kusa ka ce, "Koci, na ji ka. Daga inda nake, ƙafafunsa na ƙasa." In ya zarce da zagi, gargaɗi ɗaya, sannan laifin rashin ɗa'a, wanda hukuncinsa jifa ɗaya ne ga abokan karawa. Yaron da ke zubar da jini kuwa fita zai yi, sai an tsayar da jinin an rufe ciwon.

Aikin gwaji

Ku fita fili ku biyu da yara shida, uku da uku, a rabin fili. Tsawon minti biyar, alƙalin gaba ya yi alƙalanci ba tare da ya kalli kwando ko sau ɗaya ba. Ku yi musanya, sannan kowa ya faɗi laifukan da ya gani waɗanda abokinsa bai gani ba.